KOKOWARMU A FAGEN DUNIYA: DARASI DAGA ƘWALLON OSTARELIYA

Tun kaka da kakanni, idan aka gama yankan hatsi, aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, sai ganga ta tashi a garuruwan Kurfai. Samarin wani gari su ɗaura walki su tafi baƙunci wani gari. A share dandali, tsofaffi su zauna gaba, mata da ƴammata su tsaya baya, a kama kokowa har dare ya raba. Wanda ya yi kaye, sunansa ya riga shi isa kasuwar Filinge ran Lahadi. Wanda aka kayar ya koma gida ya jira baɗi.

A zamanin da, iyakar sunan ɗan kokowa ita ce inda ƙafar maroƙinsa ta tsaya. Yau abin ya wuce nan. Yaron da ya fara kokowa cikin rairayin Dallol Boso yana iya zama ɗaya daga cikin goman jahar Tilaberi, daga nan ya shiga ƙungiyar ƙasa, ya riƙe tutar Nijar gaban mutanen da ba su jin Hausa ko Zabarmanci. Amma a ƴan shekarun nan wannan hanya ta ƙuntata, daga farkonta da kuma daga ƙarshenta. Domin mu gane abin da ya kamata a yi, bari mu fara duba labarin wani wasa na nesa. Shi ma wasan gida ne kamar namu, masu shi suka tashi suka nemar masa abokan karawa a duniya.

WASAN DA AKA HAIFA A GARI GUDA

Ostareliya babbar ƙasa ce wadda teku ya kewaye, can bayan Indunusiya. Lokacin da damina take sauka a wurinmu, mutanen kudancinta suna cikin sanyi. A shekarar 1858, a birnin Melbon, wani saurayi mai suna Tom Wills ya rubuta wa jarida wasiƙa, ya ba da shawara a kafa ƙungiyar ƙwallo domin ƴan wasan kurket su riƙa motsa jiki lokacin sanyi. A wannan shekara aka soma buga wasan. A 1859 mutanen ƙungiyar Melbon suka zauna suka rubuta masa dokoki 10. Ke nan sun riga hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda ta rubuta nata dokokin a 1863.

Wasan bai yi kama da ƙwallon da yaranmu suke bugawa ba. Ƙwallon kansa dogo ne, mai siffar ƙwai. Filin ma haka yake, tsawonsa daga mita 135 zuwa 185. Kowane gefe yana da mutum 18 cikin fili. Ana buga ƙwallo da ƙafa, ana kama shi da hannu, ana gudu da shi, amma duk mita 15 sai an buga shi da ƙasa. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo. Sai a ɗora shi kan tafin hannu ɗaya a naushe shi da ɗayan. Wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo da ƙafa daga nisan mita 15 ko fiye, kafin ya taɓa ƙasa, alƙalin wasa zai ba shi damar bugawa ba mai taɓa shi. Wanda yake riƙe da ƙwallo kuwa, ana iya rungumarsa tsakanin kafaɗa da gwiwa a kai shi ƙasa. A nan ɗan kokowa zai ga abin da ya sani.

A kowane ƙarshen fili akwai sanduna 4 a tsaye. Idan aka buga ƙwallo da ƙafa ya bi tsakanin dogayen biyu na tsakiya, ba wanda ya taɓa shi, an ci maki 6. Idan ya bi ta gefe, tsakanin doguwa da gajeruwa, maki 1 ne. Ana raba wasa kashi 4, kowane kashi minti 20, ban da lokacin da aka tsayar da agogo.

A 1897 ƙungiyoyi 8 na jihar Biktoriya suka fara babbar gasarsu. Gasar ta yi ta faɗi har ta game ƙasar, a 1990 aka sa mata sunan da take da shi yanzu, wato AFL. Wasan ƙarshe na shekara yakan tara mutum wajen 100.000 a babban filin Melbon. A 1970 an ƙidaya ƴan kallo 121.696 a rana ɗaya.

Duk da wannan farin jini, akwai abin da ya dami masu wasan. A gida filaye suna cika, a waje kuwa ba su da abokin karawa. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ba ya fita gidan ubansa, da wa zai gwada?

YADDA AKA SAMU ƘUNGIYOYIN ƘASASHE

A shekarar 2002 aka kira gasar ƙasashe ta farko a Melbon, ƙasashe 11 suka zo. Daga nan aka riƙa yin ta bayan kowace shekara 3, har zuwa 2017. Masu shirya ta sun kafa sharuɗɗa biyu da ya kamata mu lura da su.

Na farko, Ostareliya kanta ba ta shiga. Ƙarfin ƴan wasanta ya yi wa na saura nisa, da ta shiga da gasar ta mutu tun ranar farko. Na biyu, ba a yarda ƙasa ta ɗauko ƴan Ostareliya mazauna cikinta ta sa musu riga ba. Ɗan wasa sai ya kasance ɗan ƙasar, kuma a cikinta ya yi yawancin shekarunsa tsakanin 10 da 16. Manufar ita ce kowace ƙasa ta shuka nata, ta girbe nata.

Ƙasar da ta fi kowa cin moriyar wannan tsari ita ce Papuwa Niyu Gini, maƙwabciyar Ostareliya ta arewa. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, mai harsuna fiye da 800, yawancin mutanenta manoma ne mazauna ƙauye. Sojoji da malaman makaranta na Ostareliya ne suka kai musu wasan tun cikin shekarun 1940, kafin ƙasar ta sami ƴancin kai a 1975. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta zaɓi sunan da wani zai yi wa dariya: Sauro. Ga abin da Sauro ya yi. A 2002 ya kai wasan ƙarshe, Ailan ta doke shi. A 2005 ya sake kaiwa, Niyu Zilan ta doke shi. A 2008 ya ɗauki kofi a hannun Niyu Zilan. A 2011 Ailan ta sake kayar da shi. A 2014 ya rama, da ratar maki 3. A 2017 ya doke Niyu Zilan da maki 29 da 28. Gasa 6 aka yi, duka 6 ɗin yana cikin wasan ƙarshe, 3 ya ci, 3 aka ci shi. Ɗaya daga cikin samarin 2017, Hewago Oea, ya kai ga buga babbar gasar AFL a 2022, cikin ƙungiyar Gold Coast.

Sai Nauru, ɗan tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 21, wanda mutanensa ba su wuce dubu goma sha ba. Ƙananan hukumomi da yawa na jahar Tilaberi sun fi shi jama'a. Amma wannan wasa shi ne wasan ƙasarsu, kuma ƙungiyarsu ta sha karawa da ta Amurka da Ingila da Kanada ba tare da jin kunya ba.

Daga nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta shiga tun 2002. A wannan karo ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Sai aka dage da koya wa yara wasan a makarantu da unguwannin talakawa, musamman a lardin Arewa maso Yamma. Bayan shekara 6, a 2008, ta zo ta uku. An kuma ga ƙungiyar haɗin gwiwa ta Falasɗinawa da Isra'ilawa a 2008 da 2011. Gasar mata ta fara a 2011: Ailan ta ɗauka sau 2, Kanada sau 1.

Yawancin waɗannan ƴan wasa ba albashi suke ɗauka ba. Akwai ɗalibai, da leburori, da malaman makaranta. Da yawa sai sun yi karo-karo da neman taimako kafin su sami kuɗin jirgi.

Sai ga annobar korona ta hana gasar 2020. Shekaru suka wuce ba a kira ta ba. Ƙungiyoyin da suka saba da hanyar Melbon suka zauna jiran tsammani. A 2024 aka raba abin gida 3: gasa ɗaya a Kanada domin ƙasashen Turai da Amurka, ɗaya a Ostareliya domin tsibiran tekun Pasifik, ɗaya a Biyetnam domin ƙasashen Asiya. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

DAGA DANDALI ZUWA TAKOBI

Yanzu mu dawo gida. Abin da mutanen Melbon suka yi wa wasansu a 1859, mu a 1975 muka yi wa namu. Ƙasa tana fitowa daga babban fari da yunwa na 1973 da 1974. Shugaban ƙasa Seyni Kunce, haifaffen Fandu cikin gundumar Filinge, ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974. Gwamnatinsa ta farfaɗo da Samariya, ta nemi abin da zai haɗa matasan gabas da na yamma, na tudu da na kogi. Kokowa tana wurin Bahaushe, tana wurin Bazabarme, tana wurin sauran ƙabilu. Aka kira gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama sarki.

Daga nan sunaye suka biyo baya waɗanda kowane ɗan Nijar ya sani: Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade na Tawa, Langa-Langa da Bala Haruna na Damagaram, Badamasi na Tawa. A zamaninmu, Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Mawaƙa irin su Sagalo sun kai sunayen ƴan kokowa ko'ina ta hanyar rediyo, ƴan cali-cali kuma suna ba jama'a dariya tsakanin karo da karo.

Tsarin gasar a fili yake. Kowace jaha daga cikin 8 tana kawo mutum 10, jimla 80. Kowace jaha tana karawa da kowace. Wanda ya faɗi sau ɗaya, takobi ya wuce shi a wannan shekara, ko da zai ci gaba da yi wa jaharsa kokowa. Waɗanda gwiwarsu ba ta taɓa ƙasa ba su ne suke haɗuwa a kwanakin ƙarshe. Jahohi suna karɓar baƙuncin gasar bi da bi. Karo na 40 a Tilaberi aka yi shi. A farkon lamari ƴan kokowar Kurfai ƙarƙashin jahar Yamai suke fita, domin sai a ƙarshen shekarun 1980 aka ba Tilaberi tata jahar.

Goman nan na jaha ba daga sama suke faɗowa ba. Ana tace su daga gari zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha. Ashe tushen takobi yana dandalin ƙauye, a wurare irin su Shikal da Luma da Tukunus. In tushe ya bushe, reshe ba ya yin ganye.

ƘUNGIYAR ƘASA A GABAN BAƘI

Nijar ta sha fita wasannin duniya. Isaka Dabore ya kawo mata tagulla a damben zamani a Munik a 1972. Abdurrazak Isufu Alfaga ya kawo azurfa a tekwando a Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Mena ta je gasar kofin Afirka a 2012 da 2013. Amma duk waɗannan wasanni ne da muka koya daga wasu. Kokowa ita ce wadda muke fita da ita a matsayin masu abu.

Fage biyu ne manya da ƙungiyar kokowa ta ƙasa ta saba da su. Na farko shi ne gasar kokowar Afirka ta ƙungiyar CEDEAO, wadda aka sha yi a Nijar da Sanagal. Na biyu shi ne wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Da aka yi karo na 5 na waɗannan wasanni a Yamai a Disamba 2005, baƙi sun ga kokowarmu da idonsu. Daga baya kokowar Afirka ta kasance cikin wasannin da ake ba da lambar yabo a kansu, a birnin Nis na Faransa a 2013, da Abijan a 2017, da Kinshasa a 2023.

To, kokowar waje ta bambanta da ta gida, kuma wajibi ne mu fahimci bambancin. A gasar takobi ba a auna kowa. Mai kilo 70 yana iya haɗuwa da mai kilo 110, in ya kayar da shi fili ya ɗauki sowa. A gasar CEDEAO kuwa, kowace ƙasa mutum 5 take kawowa, kowane da ajinsa na nauyi: kilo 66, 76, 86, 100 da 120. Ƙasar da ta ci karo 3 cikin 5 ita ta ci. Lokacin karo a ƙayyade yake. Babu dogon shiri na zagaya fili da ɗaure-ɗauren guru da laya, babu jan lokaci ana jiran abokin karawa ya gaji. Wanda ya ƙi kamawa, alƙali zai yi masa gargaɗi, gargaɗin kuma yana iya kayar da shi ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba.

Abin lura a nan shi ne: kayen mai kilo 66 daidai yake da kayen mai kilo 120 a lissafin ƙasa. Amma tsarinmu na gida ƙato yake fifitawa. Siririn saurayi mai dabara da saurin ƙafa yakan faɗi tun a zaɓen gunduma, a hannun wanda ya fi shi da kilo 30, daga nan ba a sake jin labarinsa ba. Ranar da za a haɗa ƙungiyar ƙasa, sai a shiga neman ƙananan aji cikin mutum 80 da aka zaɓa bisa wata ƙa'ida dabam.

Sanagal ita ce ta fi yawan ɗaukar kofin ƙungiya a gasar CEDEAO, Nijar da Najeriya su ne manyan abokan karawarta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƴan kokowar Sanagal suna cikin ƙungiyoyin horo na unguwa, suna motsa jiki rani da damina. An kafa musu hukumar tsara harkar a 1994, an buɗe musu babban filin kokowa a Pikin, kusa da Dakar, a 2018. Namu kuwa, mafi yawansu manoma ne. Damina suna gona, kaka suna kokowa, rani suna ci-rani.

HANYAR DA TA ƘUNTATA

Mun ce hanya ta ƙuntata daga ƙarshenta. Ran 28 ga Janairu 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar fita daga CEDEAO, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Wannan magana ce ta siyasar ƙasa, tana da nata dalilai. Amma ga ɗan kokowa tana da ma'ana guda: fagen da ya saba haɗuwa da ɗan Sanagal da ɗan Najeriya ba nasa ba ne yanzu. Ƙasashen uku sun kafa tarayyarsu ta AES, an kuma yi wasanninta na farko a Bamako a 2025. Wannan sabuwar ƙofa ce da ta buɗe wa ƴan wasanmu. Sai dai ƙasashe uku ba su isa su auna ƙarfin sarkin kokowar Nijar ba.

Ta kuma ƙuntata daga farkonta. Rashin tsaro da ya addabi arewacin jahar Tilaberi cikin shekarun nan ya rage tafiyar dare da taron dare a wurare da yawa, alhali kokowar ƙauye da dare aka san ta. Ga kuma ci-rani: da an kai hatsi rumbu, samarin Kurfai da dama sun kama hanyar Yamai, ko Najeriya, ko Gana, ko Kodibuwar. Lokacin da ya kamata ganga ta tashi, masu amsa ta sun yi nisa.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA DAGA LABARIN NESA

Darasi na farko: dokar da aka rubuta ita take tafiya. Wasan Melbon ya ƙetare teku domin an rubuta shi a takarda, kowa yana iya karantawa ya koya. Dokokin kokowar ƙasa da ƙasa da Faransanci da Ingilishi suke, yawancin ƴan kokowarmu kuwa ba su karanta su. Ya kamata hukumar kokowa ta ƙasa da ma'aikatar yaƙi da jahilci su fitar da su da Hausa da Zabarmanci, cikin ɗan littafi mai sauƙi. A kowane gari akwai waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Su ne za su karanta wa samari, su ne za su zama alƙalai da magatakardan fili.

Darasi na biyu: yara. Afirka ta Kudu ta tashi daga ta ƙarshe zuwa ta uku domin ta shiga makarantu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fagen kokowa ba ya cin kuɗi: rairayi muna da shi, buhuna muna da su. Kowace makaranta ta Kurfai tana iya zagaye fage a farfajiyarta, a sami tsohon ɗan kokowa na gari ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Makarantar horar da malaman wasanni ta Yamai, INJS, tana iya sa wannan cikin abin da take koya wa ɗalibanta.

Darasi na uku: a ba ƙarami wurinsa. Mutanen Ostareliya sun janye ƙattansu domin ƙananan ƙasashe su sami fage. Mu ma, ban da gasar takobi, wadda ba mai cewa a taɓa ta, ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta riƙa yin gasa ta biyu bisa aji 5 na nauyi. Ma'auni yana gidan likita, ana iya aronsa rana ɗaya. A rubuta sunan kowa, da garinsa, da shekarunsa, da nauyinsa, a aika gunduma. Ta haka ranar da ƙasa take neman mai kilo 66, rajista ce za ta ba da amsa. Ƙasar Kurfai ba ta rasa siraran samari masu taurin jijiya, waɗanda hauya da jan guga suka gina.

Darasi na huɗu: takarda. Wanda ba shi da takardar haihuwa ba ya samun katin ɗan ƙasa, wanda ba shi da kati ba ya samun fasfo, wanda ba shi da fasfo ba ya hawa jirgi, kome ƙarfinsa. Magadan gari da masu unguwanni su ne za su kula da wannan tun yaro yana gasar makaranta.

Darasi na biyar: kada a rataya kaya duka a ƙusa ɗaya. Ƙungiyoyin ƙwallon Ostareliya sun dogara ga mai kira guda, da ya yi shiru suka yi shekaru ba fage, sai da aka koma ga gasar yankuna. Mu kuma ba mu rasa maƙwabta masu kokowa ba. Akwai Sakkwato da Kabi, waɗanda harshenmu ɗaya, gangarmu ɗaya. Akwai Samawa na Burkina Faso, wajen Toma da Tugan. Akwai Kabiye na arewacin Togo, masu bikin kokowar Ebala a yankin Kara kowane watan Yuli. Akwai Sanagal kanta. Ba sai da wata babbar ƙungiya ba ƙasa take gayyatar ƙasa. Tun da muna da tsohuwar gasar jahohi mai tsari, ya dace mu zama masu kira, a sa rana guda kowace shekara wadda baƙi za su sani.

Har ci-rani ma yana da amfanin da za a ciro daga cikinsa. Sojoji da malamai ne suka kai wa Papuwa wasan da ta zama gwanarsa. Samarinmu suna zangon Akara da Kumasi, suna Abijan, suna Kwatano da Lome. Duk inda suka taru ranar hutu suka zagaye fage, sun shuka kokowa a ƙasar wasu.

Akwai abin da ba za mu iya kwaikwaya ba. Hukumar AFL tana samun kuɗi masu yawa daga talabijin, mu ba mu da irinsu. Amma Sauro bai jira ya yi arziki ba kafin ya kai wasan ƙarshe sau 6, Nauru ma ba ta jira ta yi yawa ba.

KIRA GA KOWA

Ya ku shugabannin ƙananan hukumomi, da sarakuna, da malaman makaranta: a sa gasar kokowa cikin kasafin shekara, a yi ta da rana inda dare ba ya yiwuwa, a yi ta da wuri bayan girbi kafin samari su kama hanya. Ya ku tsofaffin ƴan kokowa: dabarar da kuka gada, ta tadiya da kamun ƙugu da sanin lokacin kai hari, ba ta cikin kowane littafi, in ba ku koyar ba, ta tafi da ku. Ya ku waɗanda suka koyi karatu da rubutu: ga aikin da alƙalaminku zai yi wa garinku. Ya ku samari: ku zo a auna ku, a rubuta sunanku, ku nemi takardunku.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum 5 ne suke shiga fage da sunan Nijar, amma dubban garuruwa ne suke haifar su. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ɗaukaka tutarmu a kowane fage.